Wucewa ta Ɗari Biyu

Kyaftin Asger Lindhardt ya kife kan rediyon tun mutumin bai kai aya ba. Daga tashar jiragen ruwa ta garin Dragør ake tambaya ko a turo masa jagoran da zai shige da shi mashigin Drogden. Shi za a yi wa jagora? A ganinsa jagororin nan 'yan shan kofi ne, su hau jirgin mutum da riga mai walƙiya, su cinye masa gurasa da kifi, su nuna masa hanyar da ya sani tun suna tsumma.

Sau ɗari da casa'in da tara ya ratsa wurin tun da aka damƙa masa wannan jirgi, cikin jirgin bai taɓa gogar ƙasa ba. Masu jirgin sun ja masa kunne: duk ranar da ya ƙi jagora ya kuma taɓa yashi, ya kwashe komatsansa. Dariya ya yi musu. Yau ta ɗari biyu, har ya sa an sanyaya kwalba.

Drogden kuwa ba ya wasa da kowa. Idan ka dubi saman ruwan sai ka rantse teku ce shimfiɗe, alhali ƙasansa tudu ne. Siririyar hanya ɗaya aka yashe a tsakiya, zurfinta mita takwas, an jera mata gangunan alama ja da kore. Jirginsu, maƙare da alkama, ya nutse bakwai da rabi. Ka kauce taku kaɗan, ka zauna.

Abu ɗaya ke ɓata wa Asger rai a wannan safiya, shi ne tsohon da ke riƙe da sitiyari. Ejnar Kofoed. Tare da jirgin ya gaje shi, kamar yadda ake gadon tsatsa. An ce shekara ashirin ya yi a jirgin yashe hanya, cikin rugugin inji, yana kwasar laka a nan Drogden ɗin. Asger yakan ce ai da gani, lakar ce ta cika masa kai.

Doka ce ta ruwa, in kyaftin ya ba da umarni, mai sitiyari ya maimaita shi da baki kafin ya juya. Ejnar bai taɓa yi ba. Idonsa na kan tagar gaba, sai dai ya ce, "To, Kyaftin," wani lokaci ma tun ba a rufe baki ba. Ga nawa kamar hawainiya. A ce masa ya karya dama, sai ya bari an yi numfashi goma kafin ya motsa hannu. Zagi kuwa, shekara tara Asger yana zuba masa, mai kan kifi, buhun laka, ko gira tsohon bai taɓa ɗagawa ba. Mutumin da zagi ba ya ratsa shi, in ji Asger, ba haƙuri ne da shi ba, zuciyar ce ta mutu.

Suka shiga bakin hanyar da hantsi. Iska na busowa daga yamma, ruwa na ja a kaikaice. Asger ya ce a ɗan taɓa hagu. Tsoho ya ce to, hannunsa bai motsa ba.

Nan haƙuri ya ƙare. Ba zai bari katako ya tuƙa masa wucewa ta ɗari biyu ba. Ya ce masa ya sauka, ya sake faɗa, sai da ya ture masa kafaɗa sannan Ejnar ya juyo, ya dubi fuskarsa, ya saki sitiyarin. Asger ya yafito mataimakiyarsa, Gunvor Thygesen.

Gunvor ta yi turus. Ta ce da a bar Ejnar ya kai su ko da bayan tsibirin Saltholm ne.

"Ke ma lakar ta shige ki? Kama, ki yi abin da na ce, lokacin da na ce."

Ta kama. Sai ga aiki kamar a littafi. Ya faɗa, ta maimaita, ta juya nan take. Asger ya ji daɗin da ya shekara tara bai ji ba. Ya harari tsohon da ya raɓe jikin bango, ya ce ya buɗe ido ya ga yadda masu rai suke tuƙi.

Da hasumiyar cocin Dragør ta daidaita da kafaɗarsa, ya ba da umarnin da ya saba bayarwa a daidai nan tun ranar farko: dama, goma. Gunvor ta dubi gangar alamar da ba su kai ba tukuna. Ta dube shi. Ya zare mata ido.

"Dama, goma," ta ce, ta juya.

Ba a ji ƙara ba. Gurnani ne ya taso daga ƙasa ya shiga tafin ƙafa, kofuna suka zame, jirgi ya ɗan karkata, ya tsaya cik. Ruwan gefensa ya koma ruwan kunu. Rediyo ya fara kira, muryar nan ta Dragør, cikin ladabin da ya fi mari zafi.

Asger ya san jirgi ya bar hannunsa, amma bai yarda laifinsa ba ne. Ko gangar an matsar, ko masu yasa sun ci amanar aiki. Ya nufi Ejnar yana kumfar baki, ya ce ya faɗa wa duniya, ba wannan umarnin ya ba shi ba, a wannan wurin, sau ɗari da casa'in da tara, suka wuce lafiya?

Ejnar yana kallon gangar alamar ta taga. Ya ce, "To, Kyaftin."

Gunvor ta saki sitiyarin, ta goge hannu a wando.

"Kar ka kashe maƙogwaronka, Kyaftin. Kowa a jirgin nan ya sani sai kai: injin yasa ya kashe masa kunne tun kafin ka zo, umarninka ko ɗaya bai taɓa ji ba."