Jarrabawar Mai Jego

Kwana uku bayan 'yata Rumasa'u ta haihu na tafi jami'arsu roƙo. Jarrabawarta ta ƙarshe ta faɗo cikin arba'in ɗin wankan jego, uwarta kuma ta rantse ba inda za ta. Tsorona kada wahalar shekara huɗu ta tashi a banza.

"Baba, wa ya ce sai ka roƙa?" in ji ma'aikaciyar ofishin. "Doka ce yanzu, jarrabawa ke bin mai jego har ɗaki. Da yaro ya yi kuka agogo zai tsaya, sai ta gama shayarwa."

"Ko sau goma? Jikan nan nawa akwai baki."

"Ko sau ɗari, Baba."

Ta miƙo mini allon jarrabawar, wata 'yar na'ura mai gilashi, in kai gida. Ga sunan Rumasa'u a sama, a ƙasa an rubuta Zubairu. Jiya uban jaririn ya raɗa masa sunan nan a kunne, ni kaɗai ya faɗa wa. To su ina suka ji shi?

Na nannaɗe allon cikin rigata. Jarrabawa kam za ta yi, amma kafin ranar a zaure zan ajiye shi, nesa da ɗakin mai jego.