Fuskar da Asma'u Ta Zaɓa

Maijidda ta sauka a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da kakar 1998 don baje kolin da ke kawo ta sau biyu a shekara, sai ta tarar gidan yayarta Hajiya Balki ya rikice a kan wasan makaranta.

Makarantar 'ya'yan baƙi da ke unguwar Tianhe ce ta shirya wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe. Malamarsu ce ta rubuta shi da kanta, ta ba Asma'u, 'yar gidan mai shekara goma sha shida, babban matsayi a ciki. Sai dai labarin ya fi ƙarfin yara: ga mashaya, ga ciki ba aure, ga jaririyar da aka bar wa wasu, har da mutumin da ya faɗa kogi da gangan. Iyaye suka yi ca a kan makarantar, wasu suka janye 'ya'yansu. Alhaji Hadi, maigidan, ya ce tasa ba za ta taka dandamalin nan ba ko sama da ƙasa za su haɗu.

Asma'u ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Da ta ga Anti Maijidda ta shigo da jakunkuna kuwa, sai ta san an rufe babin. Matar nan ba ta taɓa sakar mata fuska ba. Ko sunanta ba ta kamawa, daga “ke” sai “yarinyar nan”. In ta zo da kilishi da alkaki daga Kano, Balki take miƙa wa ta ce a ba yaran gidan, alhali yarinya ɗaya ce tal a gidan.

Washegari Maijidda ta ce za ta je ta ga rashin kunyar da idonta. Ta zauna can baya a zauren gwaji, ta harɗe hannuwa har aka tashi. Bayan la'asar ta sami Alhaji a falo.

“Alhaji, ka bar ta ta yi.”

“Kin ga rigar da za su sa mata kuwa?”

“In riga ce, ni zan ɗinka. Ba ta cikin 'yan mashayar, na gani. Muryar nan kuma Allah ne ya ba ta.”

Alhaji Hadi, mutumin da ko masu masana'anta ba sa ja da shi, ya dubi Balki. Balki ta ƙura wa tabarma ido. Can ya ce, “To, tunda ke kika faɗa.”

Asma'u ba ta yi godiya ba. A ganinta Anti ta yi ne kawai don ta nuna wa Abbanta iyakarsa, dama ita ba ta iya ganin magana ta wuce ba ta sa baki ba.

Maijidda ta watsar da cinikin da ya kawo ta. Ta bi shagunan kasuwar tufafi ta Baima hawa-hawa tana neman doguwar riga mai dogon hannu, ko'ina sai a kaɗa mata hannu a ce “meyo”, wato babu. Ƙarshe ta sayi gajeru biyu, ta farke su, ta haɗa da allura da zare. Ba ta auna yarinyar ba, amma rigar ta zauna mata cif.

Ranar Asabar da rana zauren ya cika maƙil. A ƙarshen wasan, jaririyar da aka bari ta girma, ta gano uwarta, kuma Asma'u ce ke fitowa a ita, ita za ta rera wa uwar waƙa. Ta tako bakin dandamali. Maimakon ta dubi yarinyar da ke fitowa a uwar, sai ta zuba ido a layi na uku, inda Maijidda take zaune gefen Balki.

Da Turanci take rerawa, amma duk ɗan kasuwa yana jin wannan Turancin. Kin bayar da ni kamar tsohon zane, kika tafi kika yi barcinki. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ni ma ba zan kira ki uwa ba. Hawaye na zuba, idonta bai kauce ba ko sau ɗaya. Iyayen da suka zo da niyyar yin tir suka shiga laluben hankici. Maijidda ba ta motsa ba, Balki ce ta damƙe mata hannu.

Aka miƙe ana ta tafi. Asma'u ta sauko da gudu ta faɗa jikin Balki tana kiran “Umma! Umma!” Sannan ta juyo, tana haki.

“Anti, ki yi haƙuri na tsare ki da ido. Malama ce ta ce in nemi fuskar da na san ba ta taɓa so na ba, in yi mata waƙar, wai sai ta fi fitowa daga zuciya.”

“Ta fito,” in ji Maijidda. Ta kai hannu kamar za ta gyara mata wuyan riga, sai ta fasa, ta fice.

Balki ta cim mata a ƙasan bene. “Maijidda, ko dai lokaci ya yi?”

“A'a, Yaya. Mai kyauta ba ya bin ta da ido.”

Maijidda ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi ta rufe baki. Zuciyarta ta karye, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. A cikin kukan ne ta furta sunan Asma'u a hankali, sunan da kunyar 'yar fari ta hana ta kamawa tun kafin ranar da ta yaye ta, ta ɗora ta a cinyar yayarta da Allah bai ba haihuwa ba.