Laftof ɗin Baba

Taƙaitaccen bayani: manhajar da ke kare laftof ɗin Baba daga ƙwayoyin cuta ta ƙi tashi, Auta ya gyara, Yaya kuwa bai yafe ba.

Duk mako sai Baba ya sanar a zauren iyali na waya: "Ta sake mutuwa, Auta ya tashe ta. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Yaya, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya yi ta haɗiyewa har abin ya ishe shi. Auta fa tela ne! Ran Asabar ya ture aikin da ya hana shi leƙo gida tun bara, ya iso, ko zama bai yi ba ya buɗe laftof.

"Baba, ai ba lalacewa ta yi ba. Da hannu aka kashe ta."

"Da hannuna," in ji Baba. "Auta ya nuna mini wurin dannawa. Na ce ka zo mu gaisa, ka ce aiki. Na yabi ƙaninka, ga ka. Zauna, abinci na zuwa."

Jimillar asara: Asabar guda, girman kai guda. Manhaja kuwa lafiyarta ƙalau, sai dai takan mutu duk ƙarshen mako.