Gatarin Aradu a Cikin Ƙullu

Ƙwal! Wani abu ya bugi gindin akushin da wata tsohuwa ke kwaɓa burodi a ciki.

Baƙonta, mai binciken kayan tarihi, ya ɗago kai. Tudun kaburbura tara ya haƙa a gaɓar kogin Berezina, yana neman shaidar cewa mutanen dauri sun sassaƙa dutse a ƙasar nan, bai samu ba sai gawayi. Gobe zai koma birnin Minsk hannu rabbana, masana su yi masa dariya.

"Iya, mene ne a ƙullun?"

Ta zaro wani baƙin dutse mai santsi, da huda a tsakiya. "Gatarin aradu ne. Daga sama ya faɗo zamanin kakata. Shi ke tsare mana rufi daga tsawa, ƙullu ma ya fi tashi."

Ya karɓa, ya sumbace shi, gemunsa ya yi dumu-dumu da ƙullu.

"Ba sama ba ce, Iya, hannun mutum ne! Shekara dubbai!"

"Yallaɓai, dama wannan kake nema har ka rame? Ai da ka tambayi mata!"

Ta leƙa ta taga ta ƙwala kira. Kafin burodi ya gasu, maƙwabta sun jera gatura goma sha ɗaya a tebur. Yana zana su a takarda, yana dariya har da hawaye.

Wani dattijo maƙwabci ya sosa ƙeya.

"To in mutum ne ya sassaƙa, wa ke tsare mana rufi duk shekarun nan?"