Keken Taitaniyam Ya Tsage

"Don girman Allah ka taimake ni, gobe ne tseren," na ce da mai walda na ƙarshe a layin, ina nuna masa inda kekena ya tsage a ƙarƙashin sirdi.

"Wane irin ƙarfe ne?"

"Taitaniyam."

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. "Ƙarfen manya! Ba nauyi, ba tsatsa, ko maganaɗisu ba ya kama shi. Amma in ya tsage, wutata ɓata shi za ta yi. Sai masu inji na musamman, kuma babu su nan kusa."

Haka ma sauran masu waldan suka ce. Na durƙusa cikin tarkacen ƙarafa, idona cike da ƙwalla. Babur ɗinmu na sayar na sayi keken nan, kuma in ban fita gobe ba, ƙungiyarmu ta tseren keke za ta ba wani gurbina.

Matata, da ta gaji da yawon shago-shago, ta jingina da keken. Sai muka ji ƙas! Maganaɗisun murfin jakarta ya manne a jikin ƙarfen.

Mai walda ya cire, ya mayar, ya sake mannewa. Ya tuntsire da dariya. "Malam, baƙin ƙarfe aka goge maka. Kawo, yanzu zan liƙe shi."

Na daka tsalle ina hamdala. Ban taɓa murnar an cuce ni ba sai ranar.

Ina juyowa muka haɗa ido da matata.

"In ka gama murnar," ta ce a hankali, "muna da maganar babur."