Jirgin ƙasa mai fitila a shagon Jimeta

Tun da muka gudo Jimeta lokacin bama-bamai nake tsoron kasuwa. Amma Baba ya ce, "Zo ki ga jirgin ƙasa."

Na wasa ne, a gilashin wani shago, yana zagaya gidaje kamar akwatin ashana, har tagoginsa da fitila. Baba yana nuna min ɗan direban sai ga 'yan sintiri.

"Malam, ka daɗe a tsaye. Ɗaga rigarka!"

Ya ɗaga a gabana, haƙarƙari duk a waje, mutane suna kallo.

Yau ga ni da goyo, amma ba na iya tsayawa gaban shago. Don Allah, in kun ga uba da 'yarsa suna kallon abin wasa, ku bari su gama.