Shuka a Filin Golf

Sandar Alhajin ta ɗauke ƙwallon, ta ɗebo har da ƙasa, ta bar ɗan rami a cikin ciyawa. Jama'a suka tafa. Shi kuwa ya yi gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Tsohuwar ba ta ga inda ƙwallon ya faɗa ba. Ramin take kallo.

Daga sansanin 'yan gudun hijira aka kwaso su zuwa birni, su kalli manya suna buga golf don tara musu tallafi. Aka tsayar da su bayan igiya. Tun safe ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya hana ta sukuni. Rabonta da gona tun daminar da 'yan bindiga suka tashe su daga Tsamaye, suka bar mijinta kwance a cikin kunyar gona.

Haka shi ma yake tafiya ranar shuka. Yana gaba da sungumi yana sara, ba ya waiwaye, don ya san tana biye tana zuba iri.

Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar.

"Inna, ina za ki?" in ji mai gadi. "Ba a shiga!"

"Za ni rufe mai, ɗana. Saran ga na shan iska."

Ta kwance geron da ta ƙulle a bakin zane tun ranar gudu, ta zuba a ramin, ta rufe da diddige. Sannan ta ɗaga kai, iri a hannu, tana jira ya sake sara.